Wane ne Baƙo a Gaɓar Shari?

Kalmar "baƙo" tana cikin kalmomin da ɗalibin Hausa kan koya da wuri, ya ɗauka ya gama da ita. Ƙamus zai gaya masa cewa baƙo shi ne wanda ya zo daga wani wuri. Sai dai a cikin kalmar akwai wani zato da ƙamus bai cika faɗa ba, wato cewa wanda ya zo ɗin zai koma. Shi ya sa Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kuwa kaba. Raɓa takan sauka da dare, hantsi na dubawa ta bushe. Haka ma "ci-rani": manomi ya bar gida bayan kaka, ya je wani gari ya ci rani domin hatsin rumbu ya kai iyali damina, da zarar hadari ya fara haɗuwa ya kama hanyar gona. Kalmomin biyu duka an gina su a kan ƙarewar wa'adi. Rigima tana tasowa ne idan baƙuntar ta shekara hamsin, ta haifi 'ya'ya da jikoki, kuma wani yanki na arzikin gari ya rataya a wuyanta, alhali harshe da doka suna ci gaba da jiran ranar da raɓar za ta bushe.

Unguwar Milezi wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan al'amari. Tana cikin gunduma ta ɗaya ta birnin Njamena, babban birnin Chadi, ta yammacin gari, maƙwabciyar Farsha, a gaɓar kogin Shari. Ɗan sama da nan kaɗan kogin Logon ya haɗu da Shari a gaban garin Kuseri, daga mahaɗar kuma har zuwa Tafkin Chadi ruwan kogin shi ne iyaka. Mai tsaye a Milezi idan ya ɗaga ido ya hangi ƙetare, ƙasar Kamaru yake kallo. Iyakar Nijeriya ta Gamborun Ngala ma ba ta da nisa, tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota idan hanya lafiya. A irin wannan wuri tambayar wane ne baƙo ba ta da amsa mai sauƙi.

Birnin kansa baƙi ne suka kafa shi. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza yaƙin Kuseri, inda Rabeh ya faɗi, shi ma kwamandan Faransawa Lamy ya rasa ransa. Makonni kaɗan bayan haka Émile Gentil ya kafa sansani a ƙetaren kogi ya sa masa suna Fort-Lamy, sunan da ya ci gaba da amsawa har 1973 lokacin da Shugaba Tombalbaye ya mayar da shi Njamena. Kotoko ne tsofaffin mazauna wannan gaɓa, sai Larabawan Shuwa da ke kiwo a kewaye. Sauran duk zuwa suka yi: sojojin Faransa da barorinsu, ragowar mayaƙan Rabeh, fataken Barno, Hausawa, daga baya mutanen Sara daga kudu da mutanen Wadai daga gabas. Wanda ake kira ɗan gari yau, sau da yawa kakansa ya riga kakan baƙon isowa ne da shekara goma ko ashirin kawai.

Hausawa kuwa mafi yawansu hanyar Makka ce ta kawo su. Kafin jirgin sama ya karɓe aikin hajji, maniyyaci yakan taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram da ƙafa, ya ratsa Barno, ya haye Shari, ya miƙa zuwa Abeshe, ya shiga Darfur, ya nufi Nilu da gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, kuma ba wanda yake ɗauke da guzurin shekaru. Sana'a ce guzurin. Inda kuɗi suka ƙare sai a yada zango, mahauci ya nemi wuƙa, majemi ya nemi fata, malami ya buɗe makarantar allo, wanzami ya rataya zabira, har a tara abin da zai kai zango na gaba. Kwararar ta ƙaru ƙwarai bayan 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira aka kashe shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da aka buɗe babbar gonar audugar Jazira a Sudan a 1925, waɗannan mutane da ake kira Fallata suna cikin waɗanda suka riƙe ƙwadagonta. Ba kowa ne ya kai can ba. Da yawa sun tsaya a Fort-Lamy da Abeshe, kuma su ne masanin tarihi John Works ya rubuta littafi a kansu a 1976 mai suna Pilgrims in a Strange Land. Jikokinsu yau 'yan ƙasar Chadi ne, Larabcin Chadi ya kama bakinsu kamar kowa a birnin, wasu ma Hausar tasu ta fara sanyi.

Abin lura shi ne irin aikin da baƙi suka kama a wannan yanki. Ba su zo suka ƙwace gonar Bakotoke ko garken Bashuwa ba. Sun zauna ne a mahaɗa, wato wurin da abin da wani ya samar yake buƙatar hannun da zai kai shi ga mai saye a wata ƙasa mai wani harshe da wani kuɗi. Chadi ƙasar dabbobi ce. Ƙidayar da gwamnati ta kammala a 2015 ta nuna shanu da tumaki da awaki da raƙuma da sauransu sun haura miliyan 90, kuma babbar kasuwarsu ita ce Nijeriya. A Farsha, dab da Milezi, akwai babbar mayankar zamani mai ɗakunan sanyi tun ƙarshen shekarun 1950, amma mafi yawan shanun da ke fita ƙasar da ƙafarsu suke fita. Tsakanin makiyayin da ya rabu da sa a wata kasuwar ƙauye da mahaucin da zai yanka shi a Legas akwai dogon jerin mutane: mai kora, dillali, mai canjin sefa da naira, direba, ɗan dako, da fatoma wanda ke saukar da baƙo a gidansa, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa idan an ɗauki dabba bashi.

Fatoman nan shi ne ƙashin bayan tsarin. Banki ba ya ba da lamuni ga mutumin da ba shi da adireshi, kotun wata ƙasa kuma ba ta bin bashin da aka ƙulla da baki a wata ƙasa. Abin da ke sa Balarabe makiyayi ya saki shanu hamsin ga wanda bai taɓa gani ba shi ne akwai mai gida da ya san su duka, wanda sunansa zai ɓaci daga Njamena har Maiduguri idan aka ci amana. Abner Cohen ya bayyana yadda wannan tsari yake aiki a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, wato a ɗaya ƙarshen hanyar da shanun Chadi ke bi. Sana'a ce da sai mai ƙafa biyu, ɗaya a nan ɗaya a can, yake iya ta. A irin wannan aiki baƙunta ita ce jarin.

Haka abin yake a sha'anin kifi. Shari shi ke kai wa tafki kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa, kuma masunta suna bin ruwa ne, ba tuta ba. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, mutane suka bi shi, Hausawa masunta da masu fataucin banda suka cika tsibirai tare da Buduma da Kanuri da Kotoko, har da masunta daga Mali. Kifin da aka kyafe a ruwan Chadi yakan bi ta Baga zuwa Maiduguri, daga nan zuwa kudancin Nijeriya. (Ɗalibin harshe zai so ya san cewa Kotoko da Buduma da Musgu da Masa duk 'yan'uwan Hausa ne a iyalin harsunan Chadi, Kanuri kuwa, duk da daɗewar maƙwabtaka da yawan aron kalmomi, daga wani iyali dabam yake.)

Mai shakkar darajar wannan aiki ya dubi abin da ya faru da aka tsayar da shi. A Janairun 2015 Boko Haram ta auka wa Baga, dubban mutane suka tsallaka zuwa Chadi aka tsugunar da su a sansanin Darussalam kusa da Baga Sola. Hanyar Gamboru zuwa Maiduguri ta zama ta kasada. A Difa hukumomin Nijar suka hana cinikin kifi da tattasai, a Barno aka rufe wasu kasuwannin shanu a 2016. Fatake suka koma zagaye, wasu ta arewacin tafki su ratsa Nijar, wasu ta kudu su ratsa Kamaru, tafiya ta ƙara tsawo, shingaye suka ƙara yawa. Farashin shanu ya faɗi a Chadi a daidai lokacin da farashin man fetur ya karye, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Wanda ya fi jin jiki shi ne makiyayin Chadi, ɗan ƙasa na asali, wanda ya wayi gari da garke amma babu mai saye da daraja. Ashe abincinsa yana hannun baƙon da bai taɓa lissafawa cikin ma'aikatan ƙasa ba.

To, yaya doka take kallon waɗannan mutane? Baƙo iri biyu take gani sosai. Na farko shi ne ma'aikacin kamfani mai kwantiragi, irin injiniyan da ya zo aikin bututun mai na Doba zuwa Kiribi da aka buɗe a 2003, ko ma'aikacin kamfanin CNPC na Sin a matatar mai ta Jarmaya da ta fara aiki a 2011 a arewa da Njamena. Wannan yana da takardar izinin aiki, ofishin ONAPE mai kula da samar da ayyukan yi shi ke amincewa da ɗaukarsa, kuma an ƙayyade yawan irinsa a kowane kamfani. Na biyu shi ne ɗan gudun hijira mai kati. A nan Chadi ta cancanci yabo, domin a Disambar 2020 ta kafa dokar mafaka da ta amince wa ɗan gudun hijira ya yi zirga-zirga ya nemi aiki, ita da take ɗauke da fiye da mutum miliyan ɗaya da suka gudo mata, mafi yawansu daga Sudan, musamman tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023.

Tsakanin injiniya da mai katin sansani akwai jama'a mai yawa da ba ta da gurbi a takarda. Masunci ne da ya biyo ruwa, mai lambu a gaɓar kogi, mai buga jan bulo, mai ɗibar yashi, mai tsire, mai gyaran babur, ɗan koli. Ba kamfanin da ya ɗauke shi balle a ba shi izini, ba yaƙi ne ya koro shi ba balle a ba shi kati. Wani tsari na ƙasashe ya ƙara dagula masa lissafi. Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar CEMAC ta tsakiyar Afirka, wadda a 2017 mambobinta suka amince da shige da fice ba biza. Nijeriya tana cikin ECOWAS, mai yarjejeniyar walwala tun 1979, Nijar ma tana ciki har zuwa ficewarta a Janairun 2025. Layin da ya raba ƙungiyoyin biyu ya bi ta tsakiyar tafki ne. Bagabone daga Libreville, wanda watakila bai taɓa ganin Shari ba, ya fi mutumin Gamboru gata a takarda, alhali mutumin Gamboru kakanninsa suna cin kasuwa a wannan gaɓa tun ba a haifi Gentil ba. Mutumin da ba shi da matsayi bayyananne a doka kuwa kowane shinge kasuwa ce a kansa. Yana biya kullum, sai dai abin da yake biya ba ya shiga baitulmali.

Akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Matasan Njamena masu digiri sun sha fitowa zanga-zanga suna neman aiki, kuma mai zaman kashe wando da takarda a hannu ba ya son a yi masa wa'azin karɓar baƙi. Amma a dubi abin da suke nema: gurbi a aikin gwamnati, ko a banki, ko a kamfanin mai. Masunci daga Yawuri ko mahauci daga Damagaram ba shi ne ya tare waɗannan gurabe ba. In akwai gasa ta gaskiya, tana can ƙasa, tsakanin talaka da talaka, a wurin lodin yashi da dako da gini. Nan kam baƙon da ba shi da takarda yakan karɓi abin da ɗan gari ba zai karɓa ba, lada ya faɗi ga kowa. Abin da ya sa yake karɓa shi ne ba shi da bakin ƙorafi. Mai tsoron a tambaye shi takarda ba ya kai ƙarar wanda ya cinye masa haƙƙi. Saboda haka maganin faɗuwar lada yana wajen ba shi matsayin da zai iya cewa a'a.

Hujja ta biyu ita ce tsaro. A ranar 15 ga Yunin 2015 'yan ƙunar baƙin wake suka kai hari hedikwatar 'yan sanda da makarantar horar da su a Njamena, a ranar 11 ga Yuli wani ya tashi bam a ƙofar babbar kasuwa. Gwamnati ta hana sanya niƙabi, aka tsananta bincike a kan baƙi da mabarata. Ba mai hankalin da zai ce kada ƙasa ta kare kanta. Sai dai jami'in tsaro ya fi samun sauƙin aiki a unguwar da aka san sunan kowa da sana'arsa da mai gidan da ya tsaya masa, fiye da unguwar da rabin mutanenta ke ɓuya idan sun hangi kaki. Kame na kan-mai-uwa-da-wabi yana tura mutanen kirki cikin duhun da miyagu ke so.

Tsarin zango shi ma ba a wanke yake tas ba. Mai gidan da ke ba masunci taru da kwale-kwale bashi yakan ɗaure shi da sharaɗin kada ya sayar wa kowa kifi sai shi, a farashin da ya ga dama, bashin ya yi ta haihuwa. Yaran da ake turowa karatu daga nesa sukan ƙare a dako da bara. Kuma al'ummar da ta saba warware komai a zauren shugabanta takan ɗauki hukuma abar gudu, ko da a ranar da hukumar ce ke da gaskiya. Wanda yake neman a lissafa shi cikin ma'aikatan ƙasa dole ya yarda a rubuta sunansa, ya biya haraji, ya sa ɗansa makaranta.

Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi kada ya ɗauka wannan labarin wasu ne. Hausawa sun ɗanɗana kora a Gana a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan, mutane fiye da miliyan ɗaya suka bar Nijeriya, mafi yawansu 'yan Gana, amma har da 'yan Chadi da 'yan Nijar. Tattalin arzikin Nijeriya bai farfaɗo ba saboda tafiyarsu, domin faɗuwar farashin mai ce ta kayar da shi. Kafin wannan, a Janairun 1980, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno, aka kai shi Chadi aka ajiye bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta soke korar. Idan mai irin wannan muƙami zai iya wayar gari baƙo, ina ga mai sayar da banda? A wannan shekarar dai yaƙi ya cinye Njamena, mazaunanta suka haye kogi zuwa Kuseri, wasu suka wuce har Maiduguri. A Disambar 2021 sai abin ya juya: rikici kan ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgu ya tashi a yankin Logon-Birni ya bazu zuwa Kuseri, dubban 'yan Kamaru suka hayo suka zauna ƙarƙashin itatuwan dajin Farsha, kafin a kwashe su zuwa sansanonin Gilme da Kalambari. Cikin shekara arba'in da ɗaya kowace gaɓa ta zama mai masauki, ta kuma zama baƙuwa.

Abin da ya kamata a yi ba ya buƙatar sabuwar ƙungiya. Tun ranar 22 ga Mayun 1964 Chadi da Kamaru da Nijar da Nijeriya suka kafa Hukumar Kula da Tafkin Chadi, a wannan birni aka sa hannu, a nan kuma hedikwatarta take. Inuwa ce da ta haɗa ƙasashen huɗu ba tare da la'akari da layin CEMAC da ECOWAS ba. An ga tana iya haɗa sojoji, tunda rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram a ƙarƙashinta take, da hedikwata a Njamena. Hukumar da ta iya shirya yadda sojan wata ƙasa zai tsallaka iyaka da bindiga ba za ta gaza shirya yadda masunci zai tsallaka da taru ba. Kati ɗaya mai araha ya isa, na shekara guda, mai ɗauke da suna da hoto da sana'a da unguwar da mutum ya sauka, wanda jandarma a Milezi da ɗan sanda a Kuseri da jami'in shige da fice a Gamboru duk za su gane. Masu yin rajistar ma suna nan: shugabannin masunta, sarakunan fawa, shugabannin dillalan kara da masu unguwanni, waɗanda tun da can su ne suka san wanda ya sauka jiya da wanda zai tashi gobe. Kuɗin katin a raba shi tsakanin gundumar da mutum yake aiki da hukumar, a kuma ba shi rasit.